Katin zinare: giwa a garin wani, zomo a gida

 

Makonni biyu da suka wuce, bayan rubutuna kan tafiya Umara da tsofaffi, wani mai karatu daga Bukkuyum ya bar mini tambaya a ƙasan shafi. Ya ce shi ɗan kasuwa ne, bai daɗe da fara zuwa Dubai da ƙasar Sin saro kaya ba, kuma abokan tafiyarsa na Kano suna ta zuga shi ya lizimci kamfanin jirgi guda har ya samu abin da suke kira katin zinare. Yana so ya san ko abin ya kai a sha masa wahala. Na yi masa alkawarin amsa mai tsawo, saboda na riƙe irin wannan kati shekara huɗu, kuma gidana da iyalina suna Gummi. Amsar da mutumin Kano zai ba shi daban take da wadda mutumin yammacin Zamfara zai ba shi, ko da jirgi ɗaya suke hawa.

Bari mu fara da menene katin, don waɗanda ba su taɓa jin labarinsa ba. Manyan kamfanonin jiragen sama suna da tsarin riƙe abokin ciniki. Kana yin rajista kyauta, su ba ka lamba, duk tafiyar da ka yi da su a rubuta maka maki gwargwadon nisan tafiyar da tsadar tikitinka. Kamfanin American Airlines na Amurka ya ƙaddamar da nasa a 1981, daga nan abin ya bazu duniya. Na Ethiopian Airlines sunansa ShebaMiles, na Turkish Airlines Miles&Smiles, na Qatar Airways Privilege Club, na Saudia kuma Alfursan. Idan makinka na shekara ya kai wani adadi, sai a ɗaga ka daga katin gama-gari zuwa na azurfa, daga nan zuwa na zinare. Mai katin zinare ba ya bin dogon layi wajen auna kaya, ana ƙara masa jaka ɗaya kyauta, yana shiga jirgi kafin jama'a, kuma yana da izinin shiga falon manyan baƙi inda akwai abinci da wurin hutawa, wani wurin har da wurin wanka.

Kamfanonin kuma sun haɗa ƙawance uku: Star Alliance da aka kafa a 1997, oneworld a 1999, da SkyTeam a 2000. Ethiopian da EgyptAir da Turkish suna cikin na farko, Qatar da Royal Air Maroc suna na biyu, Saudia da Kenya Airways suna na uku. Katin zinaren kamfani ɗaya yana aiki a wurin duk abokan ƙawancensa. To ga inda gizo ke saƙa: babu kamfanin Najeriya ko ɗaya a cikin waɗannan ƙawance uku. Tun da aka rufe Nigeria Airways a 2003 ba mu sake samun jirgin ƙasa da ya tsaya da ƙafarsa ba.

Kowane babban kamfani yana da garin da yake matattararsa, inda duk jiragensa ke tashi su dawo: Adis Ababa ga Ethiopian, Alƙahira ga EgyptAir, Santambul ga Turkish, Doha ga Qatar. Don mazaunin irin wannan gari aka ɗinka rigar katin. Yana fita daga gidansa, cikin minti talatin yana filin jirgi, ga layinsa na musamman, ga falo mai faɗin kasuwa, ga jirage zuwa ko'ina ba tare da yada zango ba. In jirgin safe ya wuce shi, akwai na rana. Hausawa na cewa giwa a garin wani zomo ce. Mai katin zinare daga yankinmu tasa ta juye: a garin wani ne yake giwa, a gida kuwa zomo ne.

Ga yadda tafiyata take kasancewa. Idan ta Kano zan tashi, sai na bar Gummi bayan gari ya waye sosai, domin duk wanda ya san hanyar nan ya san ba a yi mata sammako kuma ba a yi mata yamma. A bi ta Daki Takwas da Nasarawar Burkullu da Anka, a fita Mayanchi, a wuce Gusau da Tsafe da Funtuwa, kana tafe kana addu'a, Inna da uwargida suna gida kowa da waya a hannu. Kafin ka shiga Kano yini ya tafi, sai kwana. Idan kuma ta Abuja ce, sai in nufi Sakkwato, wadda ta fi mana kusa da Gusau, in hau jirgin cikin gida daga filin jirgin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, inda alhazan Zamfara ma suka saba tashi. A duk wannan ɓangare na tafiyar, wanda shi ne mafi haɗari kuma mafi gajiya, katin yana cikin aljihuna kamar guntun kwali. Direban tasha bai san shi ba, mai shingen hanya bai san shi ba, jirgin cikin gida ma bai san shi ba.

Ɗauki maganar kaya. A yawancin hanyoyin ƙasashen waje daga Najeriya ana ba mai tikitin gama-gari jaka biyu, kowace kilo 23. Katin zinare ya ƙara maka ta uku, ka tashi da kilo 69. Ga ɗan kasuwa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma idan ka sauka Abuja za ka hau jirgin Sakkwato, abin da jirgin cikin gida ke bari kyauta bai kai rabin wannan ba. Ribar da ka ci a can sai ka amayar da wani sashe nata a nan, ko kuma ka kai kayan tasha ka ba direba amana. Haka idan jaka ta makale a hanya. Kamfanin zai kawo ta filin da ka sauka, ya kira ka. Mutumin Kano zai hau Keke Napep ya je ya ɗauko. Kai kuwa ka riga ka isa gida, sai ka nemi ɗan'uwa a birni ka aika masa takardu, ko ka sake bin hanyar da ka yi sadaka don ka fito daga cikinta lafiya.

Abin da ya fi koya mini hankali ya faru a wani watan Janairu. Na sayi tikitin ƙasar waje daga Abuja, na sayi na cikin gida daban daga Sakkwato da safiyar ranar, na ce tazarar sa'o'i bakwai ta isa. Muka wayi gari hazo ya rufe ko'ina, ba ka hango ƙarshen titin jirgi. Aka ce a jira, aka sake cewa a jira, bayan azahar aka ce jirgin da zai ɗauke mu bai iya sauka ba, an soke tafiyar. Ina zaune a Sakkwato jirgina na waje ya tashi. Da na samu ma'aikatan kamfanin a waya, na karanta musu lambar katina da ƙarfin gwiwa. Matar ta gaishe ni da ladabi, ta yi mini godiya kan daɗewar da na yi tare da su, sannan ta faɗa mini kuɗin tarar rashin zuwa da cikon kuɗin sabon tikiti. A wurinsu tafiyata daga Abuja ta fara, yadda zan kawo kaina Abuja kuwa matsalata ce. Na yi fushi a ranar, amma da na huce na ga haka ƙa'idar take. Idan tikiti ɗaya ne ya haɗa jirage biyu, na farko ya makara, nauyin kamfani ne ya sa ka a jirgi na gaba. Idan tikiti biyu ne daban-daban, babu ruwan wani da wani. Mazaunin matattara bai san wannan ciwo ba, mu kuwa kusan kowace tafiyarmu tikiti biyu ce ko uku, in ka haɗa da na mota.

Akwai kuma wani abu da ba a faɗa wa mai neman kati: wanda ke zaune a ƙarshen layi, shi ake fara yankewa. A ƙarshen Oktoban 2022 kamfanin Emirates ya dakatar da zuwa Najeriya saboda kuɗaɗensa da suka makale a ƙasar sakamakon ƙarancin dala, bai dawo Legas ba sai 1 ga Oktoban 2024. Kusan shekara biyu ke nan duk ɗan Najeriyar da ya tara makinsa a can ba shi da jirgin kamfanin da zai hau daga gida. A watan Maris na 2017 aka rufe filin jirgin Abuja mako shida don gyaran titin jirgi, aka karkatar da jirage Kaduna. Kamfanonin Turai suka ƙi zuwa, Ethiopian ne ya je. Wanda ya ɗaure kansa da kamfani ɗaya a lokacin sai ya gangara Legas. Wani lokaci sauyin alheri ne, kamar yadda Qatar Airways ya fara sauka Kano a watan Maris na 2022, amma shi ma ba da shawararmu aka yi ba. A ofis ɗin da ke wata ƙasa ake yanke hukunci, mu sai dai mu ji a rediyo.

Namu na gida ma ya ishe mu. A watan Maris na 2021 gwamnatin Shugaba Muhammadu Buhari ta haramta shawagin jirage a sararin samaniyar Zamfara saboda matsalar tsaro. Abokaina suka riƙa tsokanata, wai mai katin zinaren jirgi daga jihar da aka hana jirgi giftawa. A farkon Satumban shekarar kuma aka katse layukan waya a faɗin jihar na makonni masu yawa. Duk harkar katin nan a waya take: saƙon sauyin lokacin tashi, zaɓen kujera, takardar shiga jirgi. A wancan lokaci sai na fita jihar kafin in san ko jirgina yana nan a ranar da na sani. A watan Yunin 2024 an ƙaddamar da aikin filin jirgin sama na Gusau, kuma duk ɗan Zamfara yana fatan alheri a kansa. Zai rage wa mutanen Anka da Bukkuyum hanya ƙwarai. Sai dai ko ya cika da jirage, Gusau ba za ta zama Doha ba, za mu ci gaba da bin Abuja da Kano da Legas kafin mu fita.

Kada mai tambaya ya ɗauka katin ba shi da amfani sam. Yana da shi, kuma wani amfanin mu na nesa muka fi jin daɗinsa. Tun da ba mu da jirgin da ke kai mu kai tsaye, kullum sai mun yada zango a matattara, wani lokaci sa'a biyar ko takwas. Mutumin da ya kwana biyu a hanya tun daga Gummi, ya samu wurin wanka da alwala cikin natsuwa da abinci mai zafi, ya san darajar falon nan fiye da wanda ya fito daga gidansa yanzu. Ranar da aka soke wani jirginmu a matattara, ɗaruruwan mutane suka yi layi, ni aka sallame ni cikin minti ashirin aka sa ni a jirgin gobe. A ƙananan filaye kuma masu katin ba su da yawa, don haka ma'aikata kan gane fuskarka, kuma in kujerun baya suka cika fiye da kima, mai kati ne ake fara tunawa a mayar da shi gaba. Wasu kamfanonin ma sun san wahalar na nesa: Turkish Airlines ya daɗe yana sassauta wa mazauna wajen Turkiyya adadin makin sabunta kati.

Amma a gida ne aka yi wa katin nawa hisabi, kuma Inna ce ta fara. Shekarar da na kai ta Umara tare da uwargida, na yi ta ɗokin mu isa inda za mu yada zango in shigar da su falo su ga abin da ɗansu ya zama. Muka isa ƙofa, ma'aikaciyar ta duba katin ta ce baƙo ɗaya aka yarda, kuma dole mai katin ya shiga tare da shi. Uwargida ta ce, "Alhaji, ka shiga da Inna, ni zan jira a nan." Inna ba ta kiran sunana, kasancewata ɗan fari, don haka surukarta ta juya wa ta ce, "Gaya wa mijinki, ba ni cin abinci ɗiyar mutane tana waje." Mu uku muka koma kan kujerun jama'a, aka kwance ƙullin dambun nama da aka taho da shi daga gida. Can sai Inna ta sake cewa, ba tare da ta dube ni ba, "Wanga kati, in ba shi ɗaukar mutum uku, mi shika ɗauka?" Abin da ya fi yi mata amfani a tafiyar shi ne keken da aka tura ta a kai daga ƙofar jirgi zuwa ƙofar jirgi, wanda kyauta ake bai wa duk tsoho ko maras lafiyar da aka nema masa tun wajen sayen tikiti, da kati ko babu.

Hisabi na biyu uwargida ce ta yi shi. Katin ba na dindindin ba ne, sai ka ci gaba da tara maki kake riƙe shi, in ka gaza a sauke ka. Wani watan Disamba na duba na ga saura kaɗan in cika, sai na fara ƙirƙiro dalilin wata tafiya da kasuwa ba ta nema ba. Wannan kuwa bayan an saki naira a watan Yunin 2023, dalar da gwamnati ke sayarwa ƙasa da naira 500 ta haura naira 1,000, tikiti ya yi tashin gwauron zabi. Uwargida ba ta yi gardama ba. Ta ɗauko takardar kuɗin makarantar yara na zangon Janairu ta ajiye kusa da wayata, ta ce, "Baban yara, ban hana ka ba. Amma ka lissafa mini sau nawa ka bar tikiti mai sauƙi ka sayi mai tsada a bana saboda katin nan, sannan ka ƙara da bin hanyar Anka sau biyu ba gaira ba dalili." Na zauna na lissafa. Sau uku na ƙi jirgin da ke tashi daga Kano na tafi Abuja don in hau na kamfanina. Kowane karo akwai tikitin cikin gida da kwanan otal da ƙarin kuɗin tikiti. Da na tara, ya fi kuɗin jakunkunan da aka yafe mini a shekarar. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski, ni kuwa na daɗe ina askin ban sani ba. Ban yi tafiyar ba, aka sauke ni zuwa azurfa, kuma ba wanda ya lura a Gummi.

Don haka ga amsata ga ɗan'uwana na Bukkuyum, da duk mai irin tambayarsa.

Ka yi rajista, domin kyauta ce, kuma ka tabbatar ejan ɗinka ya sa lambarka a kowane tikiti, sunan ya zo daidai da na fasfo. Ka zaɓi ƙawance kafin ka zaɓi kamfani. Duba jiragen da ke sauka filin da ka fi amfani da shi: daga Kano, alal misali, Ethiopian da EgyptAir ƙawance ɗaya suke, don haka kana iya hawa kowannensu ka zuba makin a lamba guda. Kada ka rarraba maki a kamfani huɗu, ba za ka kai ko'ina ba.

Ka san cewa maki iri biyu ne: na ɗaga daraja, da na sayen tikiti. Tikiti mafi araha yakan ba da maki kaɗan, wani ma babu ko ɗaya, kuma jiragen shata na aikin Hajji galibi ba sa cikin wannan lissafi. Tikitin da ake kira na kyauta ma sai ka biya haraji da wasu kuɗaɗe a kansa. Makin kuma yana ƙonewa in ya daɗe. Ka kashe shi a kan iyali, domin yawancin kamfanoni sun yarda ka yankar wa wani tikiti da makinka. Mafi alherin abin da nawa ya yi shi ne tikitin Inna.

Ka kwana a garin da jirginka na waje zai tashi, musamman daga Disamba zuwa Fabrairu lokacin hazo. Kuɗin otal na dare ɗaya bai kai tarar rashin zuwa ba. In ka ga ba za ka isa ba, ka kira a sauya maka rana kafin jirgin ya tashi, domin bayan ya tashi kuɗin ya fi yawa, kuma wani tikitin har na dawowarsa ake sokewa. Ka buga takardunka a kan takarda kafin ka bar inda akwai sabis. In jakarka ba ta fito ba, kada ka bar filin jirgi sai an rubuta maka rahoto an ba ka lamba, ka kuma bar sunan amintaccen da zai karɓa maka. Wannan haƙƙin kowane fasinja ne, haka ma kai ƙara ga sashen kare haƙƙin fasinjoji na hukumar NCAA.

Na ƙarshe, kada ka bi hanyar nan tamu ko sau ɗaya saboda maki. Idan kasuwancinka da kansa ya kai ka ga katin zinare, alhamdulillahi, ka ci moriyarsa. Idan sai ka ƙara tafiya ko ka ƙara kuɗi kafin ka kai, ka zauna da uwargida da biro da takarda tukuna, ku sa kuɗin mota da otal da jirgin cikin gida a lissafin, ku sa kwanakin da yara ba su gan ka ba.

Ina so in ji daga gare ku a ƙasan wannan rubutu, musamman 'yan'uwa mata da ake bari da gida da fargaba duk lokacin da maigida ya kama hanya, da kuma matan da su ne matafiyan. Mutanen Anka, ta ina kuka fi samun sauƙin tashi a yanzu, Sakkwato ko Kano? Allah ya tsare mana hanyoyinmu, ya dawo mana da zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya. Sai mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu.